Neman jinin O-negatif a makon Kirsimeti: nazarin jinyar wata yarinya mai emasi a Zinder

Asalin lamarin

Yarinyar shekararta 7, nauyinta kilo 18, ita ce ta biyu cikin ƴaƴa uku. Mahaifinta kafinta ne, mahaifiyarta tana tuyar awara a ƙofar gida. Kiristoci ne ƴan asalin jihar Maradi, shekararsu 9 suna haya a wata unguwa ta Zinder da kusan duk mazaunanta Musulmi ne. Majami'ar da suke zuwa ƙarama ce, manyanta ba su wuce mutum 60 ba.

Tun tana wata 8 hannuwanta da ƙafafunta suka fara kumbura, tana kwana kuka. Gwajin Emmel da aka yi mata ya nuna akwai emasi a jininta, ciwon da ake kira sikila ko amosanin jini. Sai dai wannan gwaji ba ya bambance mai AS, wanda yake ɗauke da gadon kawai, da mai SS, wanda yake fama da ciwon. Sai da ta kai shekara 3 aka yi mata gwajin elektiroforez, ya tabbata SS ce. Iyayen duka AS ne, kuma a irin wannan aure kowane ciki yana da haɗarin ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS.

Jajayen ƙwayoyin jinin mai SS suna lanƙwashewa kamar lauje idan iska ta yi musu ƙaranci, su toshe ƙananan jijiyoyi, shi ne ciwon ƙashin da ake gani. Kuma ba sa daɗewa: kwana 10 zuwa 20 suke yi su mutu, alhali na mai lafiya suna kai kwana 120. Saboda haka ko ranar da yarinyar take wasa lafiya lau, ma'aunin jininta, wato hemoglobin, giram 7.5 ne a desilita, inda tsararta masu lafiya suke da 11.5 ko fiye.

Shekarunta sun fitar da ita daga kariya biyu. Tun 2006 Nijar ta ɗauke kuɗin jinya ga yara ƴan ƙasa da shekara 5, kuma maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro da ake rabawa gida-gida da damina na ƴan wata 3 zuwa 59 ne. Ta wuce duka biyun. Ba a taɓa yi mata ƙarin jini ba, don haka babu wanda ya san rukunin jininta a gidan.

Disamba wata ne mai wuya ga masu emasi a Damagaram. Sanyin asuba yana sauka zuwa digiri 14 ko 15, sanyi kuma yana tsuke jijiyoyi. Iskar hunturu tana busar da jiki amma ba ta sa ƙishirwa, sai yaro ya yini bai sha ruwan kirki ba. A lokacin ne kuma ma'ajiyar jini take raguwa, domin masu zazzaɓin damina sun riga sun cinye abin da ke akwai, ɗaliban da aka fi dogara da su wajen ba da jini kuma suna tafiya hutun ƙarshen shekara.

12 zuwa 15 ga Disamba: kwana huɗu a gida

Ranar Litinin 12 ga wata ta yi wanka da ruwan randa da safe, ta tafi lakwal cikin iska. Da yamma ta dawo tana kukan ƙwauri da baya. Mahaifiyarta ta gasa mata wurin da tsumma mai ɗumi, wanda daidai ne, ta ba ta rabin ƙwayar parasetamol mai miligiram 500 safe da dare. Awon bai yi nisa da daidai ba, domin miligiram 15 ake ba kowane kilo, wato 270 a gare ta, amma duk awa 6 ya kamata a ba ta. Tazarar awa 12 ta bar ciwon yana dawowa da ƙarfinsa.

Ranar Talata jiki ya yi zafi. Babu ma'aunin zafi a gidan. Aka sayo diklofenak, wani maganin ciwo, da kwalbar maganin ƙarin jini wajen mai tebur. Maƙwabta suka kawo zoɓo, da lemon malt haɗe da madara, da jiƙon ganye. Zoɓon ya ƙara mata ruwa a jiki, amma babu ɗaya daga cikinsu da yake ƙara jini a kwana biyu. Maganin kwalbar sinadarin ƙarfe ne, ita kuwa ba ƙarfe ta rasa ba, ƙwayoyin jininta ne suke fashewa fiye da yadda ɓargo yake iya maye su.

Laraba ta ɗan ji dama da rana, aka ɗauka an samu kanta. Alhamis fitsarinta ya koma kalar shayi, idanu suka yi rawaya, tafin hannu ya yi fari fat, ba ta iya zuwa bayan gida sai an ɗauke ta.

Dalilin jinkirin kuɗi ne. Jika 6, wato sefa 6,000, ke cikin gidan, mahaifin kuma yana jiran a biya shi aikin bencina ranar 17. Ƙa'idar likitoci ita ce duk mai emasi da zafin jikinsa ya kai digiri 38.5 a kai shi asibiti a ranar, domin saifar yawancinsu ta daina aiki tun kafin shekara 5, ƙwayar cuta tana iya mamaye jini cikin awoyi.

Jumu'a 16 ga Disamba: kwanciya asibiti

Da ƙarfe 7 na safe wani maƙwabci ɗan kabu-kabu ya kai uwa da ƴa asibitin unguwa, daga can aka tura su babban asibiti. Abin da aka samu: zafin jiki 39.4, hemoglobin 4.6, gwajin zazzaɓin cizon sauro ya nuna akwai, oksijin a jini kashi 96 cikin 100, zuciya tana bugawa da sauri. Rukunin jini O-negatif.

Aka fara allurar artesunat ta jijiya, maganin zazzaɓin cizon sauro mai tsanani. Yaron da bai kai kilo 20 ba miligiram 3 ake ba shi a kowane kilo, nata ya kama 54, a yi nan take, a maimaita bayan awa 12, sannan bayan awa 24. Aka haɗa da seftiriyakzon sau ɗaya a rana saboda tsoron ƙwayar cuta a jini, da ƙarin ruwa, da parasetamol duk awa 6, da morfin na sha a ƙaramin awo. Likita ya hana diklofenak saboda jikin ya bushe, zai iya taɓa ƙoda. Mai gidan da suke haya, wani dattijo ɗan kasuwa, shi ya biya takardar magani ta farko, jika 23.

Leda ɗaya ta O-negatif ta rage a cibiyar ƙarin jini. Aka sa mata mililita 180 na tatattun ƙwayoyin jini, wato 10 a kowane kilo, cikin awa uku da rabi. Washegari jininta ya hau 6.7. Likita ya faɗa wa mahaifin ƙarara cewa zazzaɓin bai gama fasa jini ba, mai yiwuwa a buƙaci leda ta biyu, kuma babu ita.

17 zuwa 19 ga Disamba: neman jini na farko

Mai O-negatif ba ya karɓar jinin kowa sai na O-negatif, kuma a Afirka ta Yamma masu wannan rukuni ba su kai biyar cikin ɗari ba. An gwada iyayen: uban O-pozitif, uwar B-pozitif. Hankalin mahaifin ya tashi har sai da ma'aikacin labo ya zaunar da shi ya bayyana masa cewa rezus negatif, wato "negatif" ɗin da ke cikin sunan rukunin jini, yana iya ɓoyuwa a jikin uwa da uba duka, ya fito a jikin ɗa. Ko da rukunin ya dace, jinin mai AS ba shi aka fi so ga mai SS ba, uwar kuma tana shayarwa.

Cibiyar tana da sunayen mutum biyu masu O-negatif da suka saba bayarwa. Ɗaya ya bayar mako biyar da suka wuce, alhali namiji sai ya yi wata uku kafin ya sake. Ɗayan yana Agadez.

Lahadi 18 ga wata, wadda ta dace da bikin Ranar Jamhuriya, fasto ya yi sanarwa a majami'a. Dattawa suka zaɓi a riƙe maganar a cikin majami'a kawai. Tun 16 ga Janairun 2015, ranar da aka ƙona majami'u a Zinder, ƙananan majami'u da yawa suka saba yin al'amuransu ba tare da shela ba, mahaifin ma yana jin nauyin sake roƙon maƙwabta.

Ranar Litinin mutum 21 suka je cibiyar. Biyar ba su kai kilo 50 ko shekara 18 ba. Mata uku suna da ciki ko goyo. Biyu nasu jinin bai isa ba. Sauran 11 sun cancanta, amma babu O-negatif ko ɗaya. Tara daga ciki suka ce a ɗiba duk da haka don wasu marasa lafiya, aka ɗiba.

A bakin ƙofar asibiti wani mutum ya tari mahaifin ya ce zai kawo masa mai irin jinin a kan jika 25. Cibiyar ta ƙi. Wanda yake sayar da jini yakan ɓoye ciwonsa da ranar da ya bayar na ƙarshe, kuma akwai kwanakin farkon kamuwa da sida ko ciwon hanta da gwaji ba ya ganin komai.

Kuɗi, abinci da saƙon WhatsApp a waɗannan kwanaki

Ranar 17 wani matashi ya ɗauki hoton yarinyar a gado, ya haɗa da saƙon murya yana cewa a taimaka da jini da kuɗi. Bai faɗi rukunin jinin ba, bai faɗi inda za a je ba, bai sa kwanan wata ba. Saƙon ya zagaya, wasu suka ƙara lambarsu a ƙasa da niyyar tarawa. Zuwa ranar 19 mutum uku ke karɓar kuɗi, babu wanda yake rubutawa. Da aka bi sawu daga baya, masu bayarwa sun ambaci jika 63, abin da ya iso hannun iyali jika 41. A ranar kuma jita-jita ta fita cewa yarinyar ta rasu, har wasu mata suka zo gida gaisuwa.

Abinci ya yi yawa a kwana biyun farko: kwano bakwai ranar Lahadi, har tuwo ya lalace. Ranar Litinin babu wanda ya kawo, kowa ya ɗauka wani ya kai. Masu dubiya sun kai 15 a lokaci guda a ɗakin da yara takwas suke kwance, wasunsu da murar hunturu. Sau biyu majo, wato babban ma'aikacin jinya, yana korar mutane.

Talata 20 ga Disamba: ƙirji ya kama

Da la'asar zazzaɓi ya dawo 39.1. Ta fara tari, tana riƙe haƙarƙarin dama, numfashi sau 46 a minti, inda na tsararta bai kamata ya wuce 30 ba. Oksijin ya sauka zuwa 88, jini zuwa 5.1. Hoton ƙirji ya nuna inuwa a ƙasan huhun dama.

Wannan shi ne toshewar ƙirji ta masu emasi, tana cikin abubuwan da suka fi kashe su, kuma ta saba zuwa ƴan kwanaki bayan an kwantar da yaro saboda ciwon ƙashi. Yaron da haƙarƙari ke masa ciwo ba ya jan numfashi sosai, ƙasan huhu ya rufe, iska ta ragu, ƙwayoyin jini su ƙara lanƙwashewa a cikin huhun. Aka sa mata oksijin ta hanci, aka ƙara azitiromisin a kan seftiriyakzon, aka rage ƙarin ruwa ya tsaya a buƙatar yini, wajen mililita 1,400 haɗe da abin da take sha, domin ruwa mai yawa yana taruwa a huhu.

Likita ya tsayar da iyaka. Idan jini ya sauka ƙasa da 4, ko oksijin ya ƙi hawa, za a sa mata O-pozitif, domin rai ne a gaba. Abin da ya sa ake gudunsa ga ƴa mace shi ne jikinta zai iya ƙera garkuwar da za ta yaƙi jinin rezus pozitif, ta wahalar da duk ƙarin jinin da za a yi mata nan gaba, ta kuma cutar da jariranta idan ta girma. Ya ba da awa 24.

Taimako biyu aka mayar a daren. Wani mai walda ya kawo tukunyar oksijin ta garejinsa, aka ce ba a tsabtace ta don numfashin mutum ba. Wata tsohuwa ta kawo kaskon gawayi don ɗumama ɗakin. Wuta kusa da oksijin gobara ce, hayaƙin gawayi a rufaffen ɗaki kuma guba ne. Aka karɓi bargo biyu, da hular sanyi, da safa, da gorar ruwan ɗumi naɗe cikin zane.

Daren 20 zuwa 21 ga Disamba: neman jini na biyu

Bayan sallar isha'i mai gidan ya ji labari daga bakin matarsa. Ya kira mahaifin zaure.

"Kafinta, yarinyar nan a gidan nan aka haife ta. Don me ba ka faɗa mana maganar jini ba?"

"Baba Alhaji, kun riga kun yi ɗawainiya. Nauyi na ji."

A daren aka yi zama aka kafa kwamiti. A zaman akwai mai unguwa, da dattijo ɗaya na majami'a, da uwar adashin matan unguwa, da wata ma'aikaciyar jinya mai ritaya da ke zaune a layin. Ita ce ta tsara aikin. Ta ce ba masu ba da jini ake nema da farko ba, masu gwada rukuni ake nema, kuma sai an gwada 60 zuwa 100 kafin a yi tsammanin samun biyu ko uku. Gwajin ɗigo ne daga ɗan yatsa, minti kaɗan. Ta buga wa cibiyar waya a daren, suka yarda a riƙa kawo mutane goma-goma daga ƙarfe 8.

Aka yi sabon saƙo, rubutacce da na murya, babu hoto: yarinya tana raye, ana neman O-negatif, mai shekara 18 zuwa sama da kilo 50 zuwa sama, a karya kumallo a sha ruwa kafin a zo, lamba ɗaya, da kwanan wata a sama. Aka roƙi duk wanda ya tura tsohon saƙon ya tura wannan a bayansa. Liman ya yi sanarwa bayan sallar asuba, ya tunatar da haƙƙin maƙwabci. Aka bi fadodin samari uku na unguwar, da tashar ƴan kabu-kabu, da garejin makanikai, da ɗaliban jami'a da ba su tafi hutu ba. Adaidaita biyu suka yi ta jigila.

Tsoro biyu suka fi hana mutane. Wasu sun ce wanda ya ba da jini ƙarfinsa ba ya dawowa. Ma'aikaciyar ta nuna musu ledar: mililita 450 ce daga cikin wajen lita 5 da ke jikin baligi, ruwan yana dawowa cikin kwana ɗaya ko biyu, ƙwayoyin cikin makonni kaɗan. Wasu sun ji tsoron a tona musu wani ciwo a bainar jama'a. Aka tabbatar musu cewa sakamakon gwajin sida, da ciwon hanta na B da C, da tunjere, tsakanin mutum ne da cibiya.

Zuwa ƙarfe 11 an gwada mutum 68, aka samu O-negatif uku. Ɗaya shekararsa 17, kilo 47, aka rubuta sunansa don gaba. Na biyu an ɗibi jininsa amma cibiyar ba ta yi amfani da shi ba, kwamitin kuma bai tambayi dalili ba. Na uku makanike ne ɗan shekara 29, kilo 64, AA, hemoglobin 14. An ɗibi jininsa da ƙarfe 11:40. Bayan gwaje-gwaje da haɗa shi da na yarinyar a labo don a ga ko sun jitu, ledar ta fito da 6:30 na yamma. A lokacin jininta 4.7 ne.

Aka fara sa mata da ƙarfe 7. Ƙa'ida ita ce a fara cikin minti 30 da fitowar leda daga firij, a gama cikin awa 4, a kuma tsaya kan mara lafiya minti 15 na farko ana duba zafi, rawar ɗari da numfashi. Mililita 180 suka shiga zuwa 10:30 ba tare da matsala ba. Mutum 31 cikin waɗanda rukuninsu bai dace ba sun ba da nasu ga ma'ajiya a ranar.

22 zuwa 25 ga Disamba

Alhamis jini ya hau 7.4, oksijin 94 da bututu a hanci. Ba a nemi ɗaga jinin sama da haka sosai ba, domin idan na mai SS ya wuce 10 yana yin kauri ya ƙara toshe jijiyoyi.

Ana so ta ja dogon numfashi sau 10 duk awa biyu in tana farke, don ƙasan huhu ya buɗe. Babu na'urar yin haka, yarinyar kuma ta ƙi saboda ciwo. Zumuntar mata ta riga ta sayi balan-balan na ƙawata majami'a, aka kawo ƙunshi guda. Ana ba ta maganin ciwo, a jira rabin awa, a jingina ta da matashi, ta ja iska ta hura. Ranar farko ba ta iya kumbura ko ɗaya ba, sai aka koma hura tsinken shan lemo cikin kwalbar ruwa tana kallon kumfa. Ranar Asabar ta kumbura ja guda, aka ɗaura mata a ƙarfen gado.

Kwamitin ya gyara sauran abubuwan. Uwar adashi ta zama ma'aji ita kaɗai, da littafi ɗaya: suna, kuɗi, rana. Ba a ba kowa kuɗi a hannu, ana kai takardar magani farmasi a biya, a liƙa rasit a littafin, duk dare dattijon majami'a da mai unguwa su sa hannu. Na nesa suka turo ta kamfanonin aika kuɗi da sunanta. Zumuntar mata ta fasa ɗinkin ankon Kirsimeti ta kawo jika 75 da ta tara. Abinci ya koma gida ɗaya a yini, an rubuta kwana goma a gaba, har da na yaran da aka bari a gida. Dubiya mutum biyu a lokaci guda, bayan la'asar, mai mura ya tsaya waje. Mata huɗu suka riƙa karɓar uwar da rana don ta samu barci ta shayar da jaririnta.

Ranar Jumu'a 23 aka sake sanarwa a masallaci, mutum 26 suka je gwaji, aka ƙara samun O-negatif ɗaya, wata malamar lakwal. An ajiye ta a matsayin ko-ta-kwana. Asabar 24 da yamma aka cire oksijin, ya tsaya 96 da kansa.

Ƴan ƙungiyar waƙa sun so shiga ɗakin ranar Kirsimeti. Majo ya ƙi, ya yarda yara huɗu su tsaya bakin taga daga waje na minti goma. Shinkafa da naman akuyar da majami'a ta dafa an raba wa masu jinyar ɗakin duka, an kuma aika kwano garejin makaniken.

Sallama da abin da ya biyo baya

An sallame ta ranar 29 ga Disamba bayan kwana 13, jini 7.6, babu zazzaɓi kwana biyar. Ta gama maganin zazzaɓin cizon sauro na sha na kwana uku tun a asibiti. An sake auna jini ranar 5 da ranar 12 ga Janairu, domin bayan artesunat ko bayan ƙarin jini ƙwayoyin suna iya fashewa a makare, mako ɗaya zuwa uku. An samu 7.5 da 7.3. An ce a duba fitsari kullum da safe, in ya yi duhu a dawo.

An tara jika 386. Magunguna da kayan ƙarin ruwa sun ci 121, gwaje-gwaje da hoto 46, gado da oksijin 38, jigila da abincin masu ba da jini 22, abincin mai jinya da na gida 31. Jika 128 suka rage. Daga ciki aka sayi ma'aunin zafi, gidan sauro mai magani da rigunan sanyi, aka yi wa ƴan'uwanta biyu elektiroforez: babban AS, jaririn za a maimaita masa idan ya ƙara girma. An rubuta rukunin jininta a kati tana yawo da shi. Tana shan folik asid kullum, da ruwa lita ɗaya da rabi a gora mai alama, wanka kuma da ruwan ɗumi bayan rana ta ɗaga.

Likita ya ba da shawarar hidiroksiyuriya, wadda binciken da aka wallafa a 2019 a kan yaran Angola, Kongo, Kenya da Uganda ya nuna tana rage ciwon ƙashi, da ƙarin jini, da zazzaɓin cizon sauro, da mutuwa. Ana farawa da miligiram 15 zuwa 20 a kowane kilo a rana, tare da auna jini a kai a kai.

Hukunci

Kwana huɗun farko su ne suka fi tsada. Da an kai ta ranar Talata 13, an gwada zazzaɓin an fara magani, akwai kyakkyawan zaton jinin ba zai faɗi zuwa 4.6 ba, leda ɗayan da ke ma'ajiya ta isa ko ma a ƙi buƙatarta. Jika 6 ne suka riƙe su a gida, ƙarshe aka kashe 258. Iyalin da ke da mai emasi yana buƙatar wanda zai ranta masa kuɗin ranar farko ba tare da dogon bayani ba, kuma wannan abu ne da adashi ko majami'a ko masallaci za su iya tanada tun kafin ciwo.

Neman jini na farko bai gaza don ƙarancin zuciya ba, mutum 21 cikin 60 ba kaɗan ba ne. Lissafi ne bai ba da shi ba. Shawarar riƙe maganar a cikin majami'a tana da dalilin da za a fahimta, amma ta ci kwana uku, a cikinsu ne ƙirjin ya kama. Abin da ya yi aiki ranar 21 shi ne faɗin da'irar, da gwada rukuni kafin komai, da bin ta hannun cibiya maimakon dillalin bakin ƙofa. Saƙon farko kuwa ya jawo asarar jika 22 da gaisuwar mutuwar mai rai, ya kuma bar hoton yarinya a wayoyin da ba za a iya goge shi ba.

Abu biyu ba su warware ba. Sunayen O-negatif uku da aka samu suna littafin uwar adashi da rajistar cibiya, amma makaniken ba zai sake bayarwa ba sai ƙarshen Maris, saurayin kuma sai ya cika shekara da nauyi. Hidiroksiyuriya kuwa magani ne na kullum, shekara da shekaru, ga kuɗin gwajin jini a kai. Abin da ya rage a littafin watanni kaɗan zai ɗauka, kuma a zaman kwamitin na ƙarshe a watan Janairu an tsayar da jika 2 a wata daga adashi da jika 3 daga zumuntar mata, wanda bai kai kuɗin maganin da gwajin ba.